Tsorona da Tukwanen Mama

Shekara goma sha tara ina kabu-kabu a Zuru, kuma a duk tasharmu babu wanda ya kai ni tsoro. Ban taɓa ɓoyewa ba, ba kuma yanzu da furfura ta cika mini gemu zan fara ba. Ina tsoron yashi a kan kwana. Ina tsoron akuyar da ta tsaya bakin hanya tana tunani. Ina tsoron direban tifa, ina tsoron rami mai ruwa don ban san zurfinsa ba. Giya ta huɗu a mashin ɗina sabuwa ce fil, ban taɓa damun ta ba. Yaran tasha suna kirana Hawainiya. Da farko nakan ji haushi, daga baya na gaji, yanzu ko a coci aka ce Hawainiya sai na waiwaya.

Fasinjojina sanannu ne: mata masu ciki, masu sayar da ƙwai, tsofaffi masu ciwon baya, da wanda aka yi wa aiki a asibiti aka sallamo shi. Saurayi ba ya hawa bayana sai in mashina sun ƙare a tasha, kuma in ya hau sai ya sunkuyar da kai kada budurwarsa ta gan shi.

Babba a cikin fasinjojin nan ita ce Mama mai tukwane. Ba ita ta haife ni ba, ƙawar uwata ce tun suna 'yan mata, tana ginin tukwane a ƙauyenmu can gindin dutse. Duk ranar kasuwar Mahuta ni ke ɗaukar ta da kayanta. Aikin nan shi ne ƙashin bayan gidana, shi ne kuma abin da ya sa sauran mata suka yarda da ni, don in Mama ta ce mutum yana da hankali, an gama magana.

Yadda ta zaɓe ni kuwa, har yau ana ba da labari. Ta zo tasha da kwano cike da ruwa, ta ce duk mai son aikinta ya ɗora kwanon a kan kujerar baya, ya zagaya bishiyar mangwaro ya dawo. Mutum shida suka gwada. Wani ya dawo da rabi, wani ya dawo da kwano babu ruwa, wani ko kwanon bai dawo da shi ba. Ni na ɗauki lokaci har mutane suka fara hira a kan wani abu daban, amma na dawo da ruwan nan har da kudan da ya faɗa ciki. Mama ta leƙa ta ce da yarenmu, “Wannan matsoraci ne na gaske. Shi nake so.”

Ita take ɗaure kayanta da kanta. A shimfiɗa katako a kan kariya, a jera tukwane ƙanana cikin manya, a cusa ƙaiƙayi da bunu a tsakani, a ja da robar tsohon tub. Ta zauna a bayana da tulu ɗaya a cinya. Kowace tukunya a cikinsu ta ci mata kwanaki, daga haƙo yumɓu zuwa gashi, kuma ta san kowace kamar yadda ake sanin jikoki.

Daga ƙauye kafin a fita babbar hanya akwai rafi. Da rani yashi ne, da damina ruwa yakan kai gwiwa. Ni ga yadda nake yi da shi. In tsaya, in kashe mashin, in cire takalmi, in shiga da sanda in auna. In dawo mu kwance kaya, in tsallakar da tukwane biyu-biyu, in riƙo hannun Mama, sannan in turo mashin, mu sake ɗauri. Yaran tasha sukan zo a guje su keta ruwan su fantsama mana, su ce, “Sannu da wanki, Baba Hawainiya.” Shekara tara muna haka, tukunya ɗaya ba ta taɓa fashewa a hannuna ba.

To, abin da ya lalata ni, talabijin ɗin Kofur ne.

Kofur tsohon soja ne, ya yi ritaya ya buɗe shagon aski kusa da tasha. In ana ruwa can muke fakewa. Yana da talabijin a saman bango, kuma kullum katun ne a ciki, fim ɗin zane na yara. Yakan ce don 'ya'yan kwastomomi yake sawa, amma sau nawa nake shiga babu yaro ko ɗaya, shi kaɗai da kilifa a hannu ya buɗe baki yana kallo. Turancina bai wuce na karanta lambar mashin ba, aji huɗu na tsaya, don haka Kofur ke fassara. Nasa Turancin na bariki ne, rabi yake ji, sauran rabin ya cika daga kansa.

Akwai wani da ya fi so, wani ƙato mai tashi sama, haɓarsa kamar garma, ya ɗaura koren mayafi a wuya, ya sa kamfai a kan wando. Na kalle shi sau da yawa har na gane tsarin abin, don ba ya canzawa. Mugu kullum siriri ne, kuma yana da dariya. In ya kama jarumin, maimakon ya gama da shi ya tafi gida, sai ya ɗaure shi ya tsaya yana masa bayanin duk shirinsa daga farko, har da inda makunnin injin yake. In mutum ya faɗo daga bene, ba a cafke shi tun daga sama, sai saura taku ɗaya ya daki ƙasa. Agogon bam ba ya tsayawa sai saura ɗaya. Kuma mayafin nan bai taɓa shiga cikin taya ba, alhali ni na ga abin da zanin mace yake yi in ya shiga sarƙar mashin.

Na taɓa ce masa yana mini aski, “Kofur, me ya sa mugun ba zai yi shiru ya yi aikinsa ba?”

Ya ce, “Hawainiya, kai ba ka san dabarar yaƙi ba. Sunkuyar da kai.”

Wata Laraba da yamma ina zaune a kujerar aski, ana yayyafi a waje, sai aka sa wani kashi da ban taɓa gani ba. A wannan karon mugun likita ne, yana da inji kamar na niƙa. In ya saita shi a ƙirjin mutum sai ya zuƙe tsoronsa, ya fito kamar shuɗin hayaƙi, a toshe shi a kwalba. Shi kuma jarumin, wai ya taɓa jinkiri wajen ceton wani jirgin ƙasa saboda gabansa ya faɗi, abin yana ta damun sa. Sai ya kai kansa wurin injin da ƙafarsa, aka zuƙe nasa.

Abin da ya biyo baya ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Ya shiga wuta ya fito. Ya tare harsashi da haƙori. Ya ɗaga motar haya cike da mutane a hannu ɗaya yana gyara gashi da ɗayan. Mutanen gari suna tafi, mata suna jefa masa furanni. Ya tashi da motar nan sama ya nufi wata doguwar gada.

Nan aka ɗauke wuta.

Janareton Kofur babu mai. Kaina rabi a aske, sai da reza ya ƙarasa. Yana kankara yana wa'azi.

“Ka gani ko? Tsoro ciwo ne. Cire shi ake yi, kamar haƙori.”

Na ce, “Ba mu ga ƙarshe ba.”

“Wane ƙarshe kuma? Ƙarshen ke nan. Ya tsallake gada, an ba shi lambar girma. Ni na san irin waɗannan finafinan.”

Da a wani mako ne da maganar ta bi iska. Amma a makon nan, ranar Lahadi, matata ta makara zuwa taron zumuntar mata, ta fito da ankonta, ta wuce ni ina zaune a kan mashin a ƙofar gida, ta tare wani yaron tasharmu ta hau. Da ta dawo na yi magana sai ta ce, “Maigida, taron yau ne, ba na gobe ba.” Shekara ashirin da aure. Wannan maganar ce take ta cina, sai ga Kofur da likitansa.

Daga nan na fara gwaji a ɓoye. Na sa giya ta huɗu a hanyar da babu kowa. Mashin ya yi wata ƙara da ban san yana da ita ba, iska ta shiga rigata ta kumbura ta. Na ji daɗi. Abin da ba a gaya wa matsoraci ke nan, cewa abin akwai daɗi.

Ranar kasuwa ta zo. Mama ta ɗaure kayanta, randa biyu, tukwanen miya, kasake, ta hau da tulunta a cinya. An yi ruwa da asuba, rafi ya kawo. Da muka gangaro na ji ta fara gyara zama don sauka, kamar kullum. Ni kuma na hango yaran tasha biyu a tsallake suna wanke mashinansu, sun ɗago kai suna jiran su yi mini sannu da wanki. Na tuna ƙaton nan da mota a hannu ɗaya.

Na murɗa totur.

Ban san me ya faru a tsakiya ba sosai, don na rufe ido. Na ji ruwa ya doke ni a ƙirji, tayar baya ta yi rawa hagu da dama, Mama ta kira sunan uwata da ta rasu. Da na buɗe ido muna kan tudu a ɗaya gefen, mashin yana hayaƙi, yaran nan sun saki baki. Ɗaya ya ce, “Baba, kai ne?”

Na sauka na duba kaya. Ko ɗaya ba ta fashe ba. Ko tsagewa babu. Na juyo ina murmushi ina jiran furannina.

Mama ta sauka a hankali. Ta ajiye tulu a kan ciyawa. Ta matse bakin zaninta. Sannan ta fara kwance roba.

Na ce, “Mama, ai mun riga mun tsallake. Ba sai an kwance ba.”

Ta ci gaba da kwancewa. Ta sauke tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa tana kai kunne, tana jera su a gindin wata ɗorawa.

“Mama, dubi fa, babu abin da ya fashe.”

“Na gani.”

“To mene ne?”

Ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafa ta dube ni. “Ɗana, kana tsammani mashin ɗinka nake haya? Mashin ɗinka ya fi na kowa tsufa. Kujerarsa tana cizo. Tsoronka nake haya. Yau na zo na tarar babu, to me zan biya?”

Na ce sau ɗaya ne. Ta ce tukunya ma sau ɗaya take fashewa. Na ce lokaci na rage mana. Ta ce ba ta aike ni neman lokaci ba, tana da shi da yawa a gida. Na roƙa, na durƙusa a cikin laka a gaban yaran nan. Ta ce in tafi, za ta jira amalanken shanu. Haka ta yi kuwa. Ta isa kasuwa ana tashi, ta kwana wurin 'yar ƙanwarta, ta sayar washegari a ƙofar gida.

Kafin in koma tasha labari ya riga ni. Yara suka ɗaga ni sama, suka canza mini suna zuwa Jirgi. Kofur ya sara mini irin na soja ya ce shi ya horar da ni. Na ji kaina ya yi girma, kwana biyu.

A rana ta uku masu ƙwai suka wuce ni kamar ba su san ni ba. Wata mai ciki da na kai awo tun cikinta na fari ta tsaya ta dube ni, ta dubi mashin, ta ce za ta taka da ƙafa, likita ya ce tafiya tana da kyau. Mama ba ta yi yawo da maganar ba, mutum biyu kawai ta gaya wa a bakin rijiya, kuma hakan ya isa. Waɗanda suka rage mini samari ne masu cewa, “Jirgi, taka mana,” kuma waɗannan ba sa zama da mutum, gobe wani zai fi ni gudu. Ranar kasuwa ta zagayo, na je ƙauye da sassafe na tarar Mama ta riga ta tafi da mai amalanke.

A satin nan aka maimaita katun ɗin. Na ce wa Kofur ya sayi mai ya ajiye, in kuwa ba haka ba ni zan saya. Muka zauna muka kalla har ƙarshe.

Ashe ƙaton nan bai tsallake gada lafiya ba. Gudu ya yi masa yawa, ya daki ginshiƙi, gada ta karye, motar ta kuɓuce masa. Mutane suna faɗuwa suna ihu, shi yana dariya, don ba ya jin komai. Sai wata tsohuwa mai share masa gida, wadda tun farkon fim ba wanda ya kula da ita, ta lallaɓa ɗakin likitan yana tsaka da yi wa wani bayanin shirinsa, ta ɗauko kwalbar ta fasa a gaban jarumin. Ya shaƙi hayaƙinsa, idonsa ya raina fata, ya bi motar ya cafke ta saura taku ɗaya. Daga nan ya hau kan bene, rana tana faɗuwa, mayafi yana kaɗawa, ya yi doguwar magana.

Na ce, “Kofur, me yake cewa?”

“Cewa yake tsoro aboki ne. Soja marar tsoro gawa ne. Ai ni na san nan za a zo.”

“Ranar Laraba ka ce haƙori ne.”

“Ranar Laraba an ɗauke wuta. Kai wa ya ce ka yi aiki da rabin fim?”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kashi na gaba. Gadar nan tana nan tsaye sabuwa, mutanen gari suna ta yi masa tafi, babu wanda ya ce ba zai ƙara hawa motarsa ba. Su a can mako ɗaya ake mantawa. A Zuru akwai wanda har yau ake kira da sunan akuyar da ya kaɗe tun kafin a yi kwalta.

Kuma gaskiya fim ɗin bai dawo mini da tsorona ba. Kaina ya gane, amma hannuna ya riga ya saba da totur. Alade ne ya dawo da shi. Ranar Juma'a da hantsi, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, babu fasinja, babu rami, babu ruwa, ina giya ta huɗu ina waƙa, sai wata uwar alade ta fito daga kwata da 'ya'yanta a jere. Na taka birki, mashin ya tafi gabas, ni na tafi yamma. Babu wanda ya cafke ni saura taku ɗaya. Na sauka da gwiwar hannu a kan tsakuwa, sauran jikina a cikin kwatar da ta fito. Aladen ta tsaya ta dube ni, ta ƙirga 'ya'yanta, ta wuce.

Ina kwance a wurin na ji ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba, da danginsa ya zo. Na tura mashin da hannu har gida.

Bayan kwana uku na tafi ƙauye da bandeji, a giya ta biyu. Na tarar da Mama a bayan rumbu tana murza yumɓu. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce na zo ba da haƙuri. Na ba ta labarin likita da kwalba da tsohuwa mai shara, don ina ganin za ta ji daɗin wurin tsohuwar.

Ta ce, “Wato zanen yara ne ya kusa kashe ni.”

“Rabinsa ne, Mama.”

“Hannun fa?”

“Alade.”

“Aladen tana lafiya?”

“Lafiya lau.”

Ta ce in zauna a kan turmi in jira, za ta kawo mini ruwa. Na zauna ina kallon kaji. Ban ji tahowarta ba. Sai kawai wani babban tire na ƙarfe ya faɗi a kan dutse daidai bayan kunnena. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina a bayan rumbu na rungume wata tukunya da ba a gasa ba, takalmina ɗaya yana can wajen turmi.

Mama ta ɗauki tirenta ta kakkaɓe. Ta zo ta karɓi tukunyar daga hannuna ta juya ta, ta ga ban lotsa ta ba.

Ta ce, “To, ya dawo. Ka zo ranar kasuwa. Kasake kawai za ka ɗauka, randa ta mai amalanke ce sai bayan girbi, in na ga halinka.”

Sai da aka kai masussuka kafin ta mayar mini da randa, masu ƙwai kuma suka biyo bayan randar. Sunan Jirgi bai yi wata ɗaya ba. Har yanzu in mun gangaro rafi nakan kashe mashin tun daga nesa, in cire takalmi, in ɗauki sandata, ko da rani ne babu ɗigon ruwa, don Mama ta ce ba ta yarda da yashin ba kuma ba ta gama yarda da ni ba. Matata kuwa har gobe mashin ɗin yaron nan take hawa ranar Lahadi.